Kwamfutar da Na Koya wa Tsufa

Akwai daminar da ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan, kuma na san har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Ita ce daminar da na koma ƙauyenmu, can yankin Tofa, na ce sai na haɗa wa mahaifina kwamfuta irin ta zamanin da. Shekaru sun ja, amma har yau idan na tuna wasu abubuwan sai in ji zuciyata tana tafarfasa kamar jiya aka yi su. Sai a lokacin na san ashe mutane za su iya ƙure haƙurinka ba tare da ko ɗaya ya nufe ka da sharri ba.

Baba malamin gona ne. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki da wani shirin bunƙasa noma, aka ba ofishinsu wata 'yar kwamfuta ta lissafin iri da taki. Da shirin ya tashi aka bar masa ita ya kawo gida. 'Yan yanzu ba za su ma yarda kwamfuta ce ba. Allon madannai ne kawai mai kauri, launin tsohuwar ƙwarya, sai a jona shi da talabijin. In an kunna, fuskar talabijin ta yi shuɗi, wani ɗan murabba'i yana ƙiftawa yana jiran a rubuta masa umarni. Da batirin mota muke ba ta wuta. Ni ce 'yar fari, a kan cinyarsa na koyi danna haruffa, kuma sanadin da na zama malamar kwamfuta ke nan a wata sakandaren 'yan mata a cikin Kano. Ita kuwa na'urar, wata shekara rufin ɗaki ya yi yoyo a kanta, ɓeraye suka ƙarasa abin da ruwa ya bari, 'yan gwangwan suka tafi da sauran.

A shekarar da nake ba ku labari, hawan jini ya kayar da Baba tun da bazara. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi, in ya yi ƙoƙarin magana sai dai wani gurnani ya fito. Likita ya gaya mana hankalinsa ras yake, yana ji yana ganewa, bakin ne kawai ya ƙi. An ba shi biro ya gwada da hagu, ya ga abin da ya zana kamar tafiyar tsutsa, ya yi jifa da biron. An miƙa masa waya, yatsansa ɗaya ya rufe haruffa da yawa lokaci guda, ya ture ta. Na kawo masa laftof ɗina, ya kalli tarin hotunan da ke fuskarta ya kau da kai. Daga nan ya daina gwadawa.

Abin da ya fi ci mini rai da na zo hutun ƙarshen zango shi ne yadda gidan ya koma. A gabansa ake zama a yi maganarsa kamar ba ya wurin. “Ya ci abinci?” “Ya yi barci?” “A juya shi.” Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, shi ya karɓi ragamar gonaki, kuma a bakin gadon ake yanke shawarar abin da za a shuka ba tare da an ko dubi mai gonar ba. Mutumin da ƙauye guda ke zuwa wurinsa tambayar lokacin zuba taki, ga shi ya juya fuska bango. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga alamar ba ciwon ne zai kashe shi ba, zaman da aka yi masa na wanda ya riga ya tafi ne zai ƙarasa shi.

Wata rana da hantsi ina yi masa fifita na lura da hannunsa na hagu a kan tabarma. Yatsun suna motsi ɗaya bayan ɗaya, wannan ya sauka wancan ya tashi. Na san motsin nan, a kansa na girma. Nan take na ce a raina, mutumin nan na'ura ɗaya ya sani a duniya, kuma in ya gan ta zai taɓa ta. Ina da hutun damina kaɗai kafin a koma makaranta, maigidana da yara suna can birni suna jirana.

Abin ba shi da wuya a takarda. Yanzu akwai 'yar mitsitsiyar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda ake ba ta wuta da caja irin ta waya, duk abin da ta sani kuma yana cikin ɗan memori irin na waya. Akwai kuma manhajar da ke sa sabuwar na'ura ta kwaikwayi tsohuwa sak, da shuɗin fuskar, da jinkirin, da komai. Sai a samo madannai masu tauri irin na da, a yi musu akwati mai siffar ta asalin, a ɓoye 'yar ƙaramar a ciki. Na yi waya birni aka aiko mini da kayan a motar kasuwa. Tsohuwar talabijin kuwa tana nan a ɗakin Inna an ɗora mata kwanuka.

Inna, mahaifiyata, ita ta fara. Ta zauna tana tsince shinkafa tana kallona ina liƙa wayoyi da dalma, na yi mata bayani iya iyawata. Da na gama ta ce, “Ke 'yar nan, bari in ga ko na gane. Wannan sabuwa ce fil?”

Na ce, “Sabuwa ce, Inna.”

“Kuma ta fi waccan sauri?”

“Nesa ba kusa ba.”

“Shi ne za ki zauna ki koya mata tsufa?” Ta girgiza kai ta koma kan shinkafarta. “Boko dai bai yi ba. Mutane na neman maganin tsufa, ke kina koyar da shi.”

Kafin la'asar maganar ta zaga ƙauye. Duk matar da ta shigo sai ta leƙo ta ga mai koya wa inji tsufa.

Sai batun akwati. Kafintan garinmu mutumin kirki ne, kuma duk amaryar da aka yi a yankin shi ya yi mata gado da kabad. Aka kira mini shi zaure, na nuna masa hoton irin na'urar da na samo a waya, na ba shi awo, na ce ina so ta fito yadda take a hoton nan, ba ƙari ba ragi. Na maimaita masa batun launi har na ji kunya. Ya ce, “Malama, an gama. Ai wannan wasan yara ne.” Ya tafi, sai ga aikin gayya, sai ga rasuwa a ƙauyen gaba, sai ga katako bai bushe ba. Kwanakin hutuna suna ta zurarewa ina ƙirga su da ido.

Ranar da ya kawo aikin, a lulluɓe ya shigo da shi cikin zani, fuskarsa cike da fara'a. Ya yaye. Wallahi sai da na yi salati. Ya manne akwatin da fomika ruwan hoda mai furanni, ya kewaye gefen da zaren roba mai ruwan gwal, ya sa mata marfi da 'yar maɗauka, a cikin marfin kuma ya liƙa madubi.

Na ce, “Malam, mene ne wannan?”

Ya ce, “Ai na ga ta hoton ta koɗe ne, duk ta yi dauɗa. Na ce kayan Malam guda, mutumin da ya koya mana noman zamani, ba zan bari ya fita daga shagona kamar na marayu ba. Madubin ma kyauta na sa.”

Na ce ai koɗewar nake so. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce shi tun da ya fara sana'a ba a taɓa cewa ya yi mummunan aiki da gangan ba, in mutane suka gani suka tambayi wa ya yi, me zai ce? Sai na koma ni ke ba shi haƙuri. Da ƙyar ya yarda ya ɓamɓare fomikar ya cire marfin, da sharaɗin ba zan gaya wa kowa daga shagonsa ta fito ba. Sauran aikin ni na ƙarasa a tsakar gida. Na goge katakon da samfefa har tafin hannuna ya yi kanta, na yi ta gauraya farin fenti da ɗigon ruwan ƙasa ina shafawa a ɓallin katako ina shanyawa, sai da na samu launin da idona ya yarda da shi.

Na ɗauka na haye, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Gidanmu na cikin 'yan gidajen da ke da sola, kuma gidan mara lafiya ba ya rabuwa da 'yan dubiya. Daga Shanono ma an zo, daga ko'ina an zo. Kowa kuma da wayarsa a hannu, batir ya mutu tun a hanya. Za a yi sallama, a ce ya mai jiki, a yi addu'a, sai ido ya fara yawo a bango yana neman soket. Ita kuwa 'yar kwamfutar nan tana da wani hali: in aka zare mata wuta tana cikin aiki ba a kashe ta yadda ya kamata ba, abin da ke cikin memorin sai ya hargitse, ta ƙi tashi. Cajarta kuma daidai bakin wayoyin mutane.

Na farko wata gwaggo ce. Na fita alwala na dawo na tarar da wayarta a jone, na'urata a mace. Na sake ɗora komai daga farko. Kar ku ɗauka ɗorawar wasa ce, don sabis a ƙauyenmu sai an hau tudun da ke bayan makarantar firamare, gindin wata tsamiya. Haka zan saɓi laftof a cikin hijabi, in ratsa gonakin gero da ya fi ni tsawo, ƙafa duk taɓo, in zauna ina kallon abu yana sauka kamar ɗigon man kaɗanya, ido ɗaya a kan hadari. Sau da yawa saura ƙiris ya kammala ruwa zai sauko in kwaso a guje.

Na dawo na gyara, washegari wani ɗan'uwan Inna ya zare. Na ɗaure cajar da tsumma a jikin ƙusa, aka kwance tsumman a hankali, aka ninke mini shi gefe guda. Na tura ta bayan buhun masara, aka janye buhun. Wani dattijo ma har da yi mini nasiha, wai na bar caja a jikin katako tana shan wuta a banza alhali ga bayin Allah da buƙata. Da na kai ƙara wurin Inna, sai ta ajiye muciya ta dube ni.

“Mutum ya taso takanas ya zo duba ubanki, ki hana shi wuta? A ce a gidan nan aka yi haka? Ba da ni ba.”

Na ce, “Inna, ba hanawa na yi ba, ga wasu cajojin can na ajiye musu.”

Ta ce, “Sun ce taki ta fi saurin cikawa.”

Gaskiya suka faɗa, ta fi, don da tsada na saye ta. Ƙarshe dai sai da na huda akwatin na shigar da kan wayar ciki na ɗaure shi da waya ta ƙarfe, ɗaya kan kuma na haɗa shi kai tsaye da batirin sola ta bayan kabad. Ranar na ji kamar na ci yaƙi. Na zauna na daidaita madannan nan ɗaya bayan ɗaya, kowane harfi ya faɗa inda yake a tsohuwar, domin yatsun Baba su same shi inda suka bar shi. Wannan aikin ya fi kowanne cin rai, kuma ya cinye mini kwanaki. Da na gama na kunna, shuɗin nan ya bayyana, ɗan murabba'in ya fara ƙiftawa. Na zauna ni kaɗai a ɗaki ina kallonsa, sai ga hawaye. Na kashe ta na rufe da zani, na ce gobe da safe in an yi masa wanka ya huta zan kai masa.

Washegari ranar kasuwa ce. Na yaye zani na kunna, shiru. Baƙin allo kawai. Na duba wuta, lafiya lau. Na juya akwatin na leƙa 'yar kafar da na bari a baya don sa memori, wayam. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana. Na birkice ɗakin, na kakkaɓe tabarmi, na tambayi duk mai rai a gidan, har shara na tona da tsinke. Inna ta ce ita dai ta ga Baffa ya shiga ɗakin da sassafe kafin ya wuce kasuwa.

Bayan azahar sai ga shi ya dawo a kan babur, ya yi sallama da murya sama, ya zauna a kan turmi ya ciro wata 'yar takarda a nannaɗe daga aljihun gaba. Ya warware ta a hankali, ga memorina.

“'Yata, ai na taya ki aiki,” in ji shi. “Kullum ina ganin kina cire ɗan abin nan kina mayarwa, kina hawa tudu kina saukowa, amma in na leƙa talabijin ba komai sai shuɗi. Na ce yarinyar nan ta rasa mai tura mata ne. Shi ne na kai wa masu tura karatu a waya can kasuwa. Yaron ya sa a injinsa ya ce ai memorin ma a lalace yake, ba abin da ke ciki sai shirme. Na ce ya wanke shi tas. Ya cika shi da karatun Alƙur'ani, sauka guda, da tafsiri, da addu'o'in neman sauƙi. Mara lafiya ai abin da yake buƙata ke nan. Sa masa mu ji.”

Na tsaya riƙe da ɗan abin nan a tafin hannuna. Ku gaya mini, me zan ce? Ƙanin ubana ne, ba a ɗaga masa murya. Abin da ya zuba a ciki kuma maganar Allah ce. In buɗe baki in ce ya ɓata mini aiki da Alƙur'ani? In ce a goge? Gaba kura baya sayaki. Ga Inna a gefe tana ta sa masa albarka, tana cewa ka ga masu hankali. Na ji bakina yana cewa, “Allah ya saka da alheri, Baffa.” Ya ce, “Ba komai, ai yi wa kai ne.”

Na zaga bayan gida na kutsa cikin gero har inda na tabbata ba mai jina, na durƙusa na yi kuka mai isata. Kukan haushi ne zalla. Na yi wa kafinta, na yi wa masu caji, na yi wa Baffa da yaron kasuwa da ya kira wahalata shirme. Saura 'yan kwanaki a koma makaranta, ga shi na koma inda na fara. Na yi niyyar in tattara katakon in sa a murhu in huta. Abin da ya hana ni, da na dawo na wuce ta ƙofar ɗakin Baba na hango shi fuska a bango, ana ta hira a kansa, hannun nan na hagu yana ta motsinsa a kan tabarma.

Memorin Baffa na sa shi a rediyo na ajiye wa Baba a gefen filo, kuma ba zan ɓoye ba, ya ji daɗin karatun. Na hau ɗan acaɓa zuwa Tofa na sayo wani. Na koma tudu, na koma gindin tsamiya, na koma kan madannai ɗaya bayan ɗaya. A wannan karon da na gama na toshe kafar da katako na buga ƙusa. Duk wanda ya tambaye ni me nake yi sai in ce ba komai, don na lura amsa ce ke jawo taimako.

Ana gobe zan tafi na gama. Da hantsi na sa aka jingina Baba da filo, na ɗora akwatin a kan 'yar kujera ta gefen hagunsa, na ajiye talabijin a gabansa na kunna. Kafin in juya ɗaki ya cika, har da na leƙe ta taga. Baba ya dubi shuɗin allon. Ya sauke ido kan madannan, ya daɗe yana kallo. Na ɗauki hannunsa na ɗora a kai, ya bar shi a wurin kamar ba nasa ba. Aka yi ta jira. Wata ta yi hamma. Baffa ya ce, a gabansa, “Ai na faɗa, ba ya gane irin waɗannan yanzu. A bar bawan Allah ya huta.” Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya.

Na koma gefe na fara ninke kayana a jaka. Inna ta shigo da kofin kunu da cokali, ta zauna bakin gado kamar yadda ta saba safe da rana da yamma, ta ce, “A gyara shi ya sha.” Ta ɗebo ta kai bakinsa.

Sai na ji ƙas. Na tsaya da ninki. Can kuma, ƙas. Ƙarar madannin nan mai tauri ce. Na waiwaya, Baba ya kau da bakinsa daga cokali, idonsa a kan allo, yatsansa manuni yana yawo yana neman harfi. A hankali yake yi, in ya yi kuskure ya kai yatsa can kusurwa ya goge, ba tare da ya duba ba. Na matso a kan gwiwoyina. Ni dai na gama shirya abin da zan gani, na ce ko sunana ne, ko Allah ya yi miki albarka, har na fara share ido. Ya gama ya janye hannu. Inna ba ta karatun boko, ta ce, “Ke, me ya ce?”

Na karanta a zuci, na sake karantawa. Na ce, “Inna, cewa ya yi, kunu ya ishe ni.”

“Ƙarya kike!”

“Wallahi, Inna, ga shi nan.”

Baffa ya matso ya tsuke ido ya bi haruffan da yatsa yana haɗawa, ya ɗago ya ce, “Haka ya ce.”

Ashe tun a asibiti da likita ya ce a fara masa da abu mai ruwa-ruwa saboda maƙogwaro, ba wanda ya koma ya tambaya har yaushe. Wata da watanni mutumin nan yana shan kunu, na gero yau, na tsamiya gobe, in ya kau da kai a ce jikin ne, a lallashe shi a ɗura masa.

Inna ta dangwarar da kofin. Ta juyo ta fuskance shi sosai, ido cikin ido, abin da rabon da in ga ta yi tun kafin ya kwanta. “Malam! Kunun da nake tashi tun asuba ina surfe ina niƙa? Shi ne ya ishe ka? Duk wahalar da 'yar nan ta sha, abin da za ka fara faɗa ke nan?” Tana faɗa hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Baba ya kai yatsa ya danna babban madannin shigarwa, na'urar ta fito da ɗan rubutunta na Turanci. Inna ta ce ita kuma me ta ce? Na ce ta ce ba ta gane umarnin ba. Sai muka ji wani sauti daga ƙirjin Baba, kafaɗarsa ta hagu tana girgiza. Na tsorata na ɗauka sarƙewa ya yi. Dariya yake.

Inna ta ja majina ta ce, “To me kake so?” Ya rubuta tuwo. Ya ɗan huta ya ƙara, miyar kuka. Na haye tudu da gudu na kira likitansa, ya ce in dai ba ya ƙwarewa ai tuni ya kamata a ba shi, a yi shi da laushi kawai. Kafin in dawo Inna ta ɗora tukunya, tana ta mita ita kaɗai a madafa tana dariya.

Da na koma ɗakin na tarar da Baffa ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da gadon, ya cire hula ya riƙe a hannu. Na ji yana cewa, ƙasa-ƙasa, “Yaya, gonar bakin rafi fa, waken nan da muka sa a tsakanin gero ganyensa ya fara ja. In yi masa feshi ko in dakata?” Ya zuba wa allon ido yana jira, Baba kuma ya ɗaga yatsa.

Albarkar da na sa rai ban same ta ranar ba, tuwo da wake suka cinye layin, kuma har na hau mota washegari ina jin haushin hakan. Baba ya yi 'yan shekaru bayan nan yana ba da umarni daga kan gadonsa, yana faɗa, yana tsokanar jikoki, kafin Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta.

Abin da daminar nan ta koya mini shi ne, alherin da ba a tambayi mai shi ba yana iya zama azaba, kuma ya fi mugunta wuyar tunkuɗewa, don ba ka da bakin ƙorafi, sai ma ka yi godiya. Ni na ɗanɗana na hutu guda na shiga gona na yi kuka, alhali da bakina. Shi ya sha nasa cokali bayan cokali daga hannun masu ƙaunarsa, ba shi da ko halin cewa ya isa. Tun daga lokacin, in na je duba mara lafiya, ko da ba ya iya ɗaga harshe, ba na tambayar na gefensa ya yake. Gabansa nake zuwa in durƙusa in tambaye shi da kansa, sannan in yi shiru in jira.